Dalma a Kafaɗar Mai Rai

Da sunan Wanda Ya shimfiɗa ƙasa, Ya tara ruwa a mazauninsa, Ya ba kowane abu nauyinsa, nake buɗe baki. Ni ne Nomau ɗan Jatau, mutumin Tudun Gawasa, mai ɗaure wa fatake kaya. Na keta dazuzzuka, na sha ruwan rijiyoyin da ba su da suna, na ci tuwon mutanen da ban san harshensu ba. Ku gyara zama ku ji abin da ya same ni a ƙarƙashin Tafkin Lumanda, ni da ban taɓa shiga ruwan da ya wuce gwiwa ba sai da na haura shekara talatin.

Duk yayana Shekarau ne ya ja mini. Shi mutum ne da ƙafarsa ba ta zama, kunnensa kuma ba ya barin labari ya wuce. Wani bafatake ya gaya masa cewa can bayan Hamadar Gishiri akwai wani birni da ruwa ya haɗiye, kuma a cikin fadarsa akwai allunan tagulla da mutanen farko suka rubuta iliminsu a kai. Tun daga ranar Yaya bai sake cin abinci da daɗi ba. Da na ga zai tafi ko da ni ko ba ni, sai na ɗaura wa jakina akumari na bi shi, ina mita tun daga ƙofar gari.

Wata huɗu muka yi kafin mu iso Hamadar Gishiri. Ba hamada ba ce irin wadda kuka sani. Ɓawon gishiri ne a kan ruwa mai zurfi, kaurinsa bai fi tafin hannu ba, fari fat har inda ido ya ƙare. Ayarin da ya riga mu ya bar dabbobi goma sha biyu a ciki. Na ce wa madugunmu ba mai takawa sai na kwance kowane kaya na sake ɗaurewa, domin jakin da mangalarsa ta karkata ƙafa ɗaya yake dannawa fiye da sauran, kuma nan ɓawon yake fashewa. Inda gefe ɗaya ya fi sauƙi, sai in jefa dutse a ciki. Fatake suka yi ta dariya, wai ga mahaukacin da ke ƙara wa jaki nauyi a kan ɓawon ƙwai. Ban kula su ba. Muka haye lafiya da jakai arba'in, ban da takarkarin madugu, wanda ya rantse ba zan taɓa masa kaya ba. Har yau ina jin kukan wannan sa mai ɗaukar kaya lokacin da gishiri ya buɗe a ƙarƙashinsa.

Bayan hamadar muka iso Marguzu, garin da ke zaune a kan Tafkin Lumanda. Gidajensa a kan manyan jirage suke, an ɗaure su da juna, an kuma ɗaure garin duka da wata sarƙa mai kaurin cinyar ƙato, wadda ta nutsa har cikin fadar tsohon birnin da ke ƙasa. Sana'ar mutanen nutso ce. Suna da wata na'ura da suke kira gorar numfashi, akwatin tagulla ne da ake goyawa a baya, cike da tokar katantanwa. Idan ka fitar da numfashi ta bututun da ke bakinka, sai ya ratsa tokar ta shanye dafinsa, ya taru a jakunkunan fata guda biyu da ke kan kafaɗunka kamar zugazugi, ka sake shaƙarsa. A gindin akwatin akwai kwalbar ƙarfe mai ƙara sabuwar iska kaɗan-kaɗan. Mutum zai yi rabin yini a ruwa ko kumfa ɗaya ba ta fita ba.

Domin su nutse, sukan ɗaura ɗamara mai curin dalma takwas a ƙugu. Jakunkunan suna ɗaga kafaɗa sama, dalma da kwalba suna jan ƙugu ƙasa, don haka a tsaye suke nutso, suna taka titunan tsohon birni kamar masu zuwa kasuwa. Suna alfahari da wannan tsayuwa ƙwarai. Suna kuma da wata al'ada da aka gaya mana tun ranar da muka sauka. Da yake ba su da ƙasar tona kabari, a ruwa suke binne mamaci, su ɗaura masa dalma a kafaɗa don ya tafi da ka. Saboda haka mai rai ba ya ɗora dalma sama da cibiya. Wanda ya yi haka ya shiga sahun matattu, za a buga masa gangar makoki, ba mai sake yi masa magana ko duban fuskarsa.

Yaya ya koyi nutso kamar a ruwa aka haife shi. Cikin shekara biyu ya zama abin nuni, ya auri Lantana, gwanar nutso wadda bakinta ya fi wuƙa kaifi. Ni kuwa na koya ne don dole, ina shiga ruwa kamar an jefa buhu. Aikina gyaran maɗaurai da loda jirage. Lantana ba ta kirana da komai sai Sarkin Jakai, ni kuma ina ce mata kifin da ya iya surutu. Muna zaune lafiya, sai dai allunan nan ba su bar zuciyar Yaya ba.

Hanya ɗaya ce ke kaiwa ɗakin allunan, wani lungu da suke kira Maƙogwaro. Tsawonsa gaba sittin, tsayinsa kuwa bai kai ƙirjin mutum ba. Rufinsa cike yake da ɓawon kawa masu yanka kamar aska, ƙasansa kuma laka ce mai laushin garin tuwo, wadda idan ta tashi sai ta yi yini da kwana ba ta kwanta ba. Magajiyar Nutso, wata tsohuwa da ake kira Inna Marka, ta hana kowa shigarsa, domin 'ya'yanta biyu can suka tafi ba su dawo ba. Wata safiya Yaya ya goya gorarsa ya ce zai je ɗiban kawa. Azahar ta yi bai fito ba.

Da la'asar wata mata mai wanki a gindin sarƙa ta ƙwala ihu. Muka ruga muka kafa kunne a jikin ƙarfen. Ƙwan, ƙwan, ƙwan. Sau uku, a tsaya, a sake. Inna Marka ta daɗe tana saurare, sannan ta ɗago.

"Ya ratsa," in ji ta. "Yana cikin ɗakin da sarƙa ta ƙare. Akwai iskar da ta maƙale a rufin ɗakin, ita yake shaƙa. Tunda bai juyo ba, jakarsa ta yage."

"Kwana nawa iskar za ta kai shi, Inna?" na tambaya.

"Uku, in Allah Ya so. Ba na ce huɗu ba."

Washegari da laka ta kwanta, aka tura ƙwararru biyu. Ba su yi gaba goma ba suka juyo, ɗaya da yagaggiyar jaka, yana aman ruwa. Lungun ya koma kamar kunu. Yini guda ya tafi a banza, muna zaune muna jiran laka. A rana ta biyu Lantana ta ce ita za ta shiga, ni kuma na nutsa tare da ita don in riƙe mata igiya a bakin lungun.

A nan na ga abin da ya hana ni sukuni. Muna riƙe da kwalaben da ake zuba ƙananan kifaye masu haske a ciki, su ne fitilarsu, don haka na gan ta sarai. Ta sunkuya ta miƙe jikinta za ta kwanta a ruwa, amma da ta saki jiki sai ƙafafunta su zube ƙasa, kafaɗunta su tashi. Ta yi ta harbin ruwa don ta ɗago ƙafafun, kowane harbi kuma laka yake tayarwa. Kafin ta yi gaba goma sha biyar hasken kwalbarta ya ɓace. Na ja igiya da ƙarfi na fito da ita. Raina ya ɓaci, amma idona ya riga ya gane ciwon. Na sha ganin jakin da kaya suka zame masa zuwa kuturi, yana tafiya gaba a sama baya a ƙasa, mai shi yana ta dukansa alhali laifin na mai ɗauri ne.

Da muka hau sama na tafi wurin Inna Marka kai tsaye, jama'a na kewaye da ita.

"Inna, ba ƙarfi ne ya gaza ba, ɗauri ne. Nauyin duka yana ƙugu. A cire dalma kaɗan daga ɗamara a ɗaura a saman gora, wajen kafaɗa, mutum zai kwanta sambal ya wuce bai taɓa sama ko ƙasa ba."

Wani dattijo ya tofar da yawu a ruwa.

"Ɗan nan," in ji Inna Marka, "baƙunta ce ta sa ka faɗi haka, na yafe maka. Kada in sake ji."

"Yayana ne a ƙasa, Inna."

"Nawa biyu ne a ƙasa. Da hannuna na ɗaura musu ɗamara, a inda iyayenmu suka ɗaura. Kana so ka ce mini me?"

Na ga idonta, na san abin da take tsoron ji, cewa ɗaurinta ne ya halaka su, sai na yi shiru. Amma shirun baki ne kawai. Na ɗauki gorata na zagaya bayan rumfar gyaran jirage, inda akwai wani kewayen ruwa mai zurfin mutum biyu, na zare wuƙa na farke ɗamarata.

Na fara da curi huɗu a sama, huɗu a ƙugu. Ina shiga sai kaina ya yi ƙasa, ƙafafuna suka yi sama, ruwan toka mai ɗaci ya gangaro ta bututu ya cika mini baki. Na fito ina tari ina zagin kaina. Na mayar da biyu. Wannan karon na kwanta, amma da na daina motsi sai ƙafafun suka fara sauka a hankali. Na gwada uku. Na kwanta daidai, sai dai jikina yana mirginawa hagu, don kwalbar ƙarfen ta fi karkata can. Ina zaune a bakin ruwa ina kwance ɗaurin karo na biyar, sai na ji murya a bayana.

"Sarkin Jakai, kashe kanka kake yi?"

Lantana ce, idanunta jawur. Na ce mata ta tafi kada a gan ta a nan. Ba ta tafi ba. Ta tsuguna tana kallo na matsar da curi ɗaya dama da faɗin yatsa biyu, na ɗaure shi tam da tsirkiya, na koma ruwa.

Na miƙe, na saki hannu, na saki ƙafa. Ban yi sama ba, ban yi ƙasa ba, ban mirgina ba. Na kaɗa tafin ƙafa kaɗan, sai na tafi gaba sumul, yashin da ke ƙasana ko motsi bai yi ba. Wallahi da ba bututu a bakina da na yi guɗa kamar mace. Da na ɗago, Lantana ta dafe baki da hannu biyu.

"Ka san ɗamara ana fizge ta a yar in abu ya ɓaci," in ji ta. "Wannan da ka ɗaure a sama ba a iya yar da ita."

"Na sani."

"Kuma shi ma sai ya goya irinta kafin ya fito."

"Shi ma."

Ta dubi ruwa. Na san lissafin da take yi. In ya zauna can, gawa ne. In ya fito da dalma a kafaɗa, a wurin mutanenta gawa ne, za a sa ta takaba mijinta na numfashi. Ta tashi ta tafi. Jim kaɗan ta dawo da gorarta da ɗamararta, ta karɓi wuƙata ta farke ɗinkin da kanta.

"Yayanka ya fi ka faɗin kafaɗa, ƙafarsa kuma ta fi taka nauyi," ta ce. "Uku da rabi za a sa masa. Nuna mini inda ake ɗaurawa."

Da safiyar rana ta uku muka kafa kunne a sarƙa. Muka buga, muka jira. Can sai ƙwan, sau ɗaya tak, a raunane. Ban tsaya neman izinin kowa ba. Na fito dandalin nutso da gorata a baya, curi uku suna ƙyalli a kafaɗata, gorar Lantana kuma a hannuna. Mata suka ja 'ya'yansu, maza suka kau da kai. Wani ya ruga ya ɗauko gangar makoki. Ina gyara gilashin fuskata ana buga mini ita, na ce a raina ku buga da kyau, ba kullum mutum ke jin tasa ba. Na faɗa ruwa.

Na ɗaure igiya a bakin Maƙogwaro, na rataya kwalbar haske a wuya, na tura gorar da zan kai wa Yaya a gabana kamar mai tura ƙwarya a kogi. Na kwanta na shiga. Kawa suna wucewa a saman kaina da tazarar taƙi ɗaya, laka tana kwance a ƙasana lumui. Ban harba ƙafa ba, idon sawu kawai nake kaɗawa. A wajen gaba talatin lungun ya rabu biyu, kuma da yake ruwan garau yake, na hango sarƙar ta bi ta dama. A bakin na hagun na ga ɗamara biyu a kwance, rabinsu a cikin laka, da abin da ya rage na masu su. Na yi musu addu'a a zuci na wuce. Tsoro ya kama ni a nan, ba zan ɓoye ba, har numfashina ya fara sauri. Na tsaya cak na ƙirga goma, kuma ko da na tsaya jikina bai karkata ba. Wannan ne ya dawo mini da hankali.

Na ɓullo a wani ɗaki mai faɗi, bangonsa jere da allunan tagulla da suka yi kore. Ko kallo na biyu ban yi musu ba. Yaya yana kwance a kan wani dakali, kansa dab da rufi, dutse a hannunsa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Iskar wurin ta yi nauyi, ina cire bututu na ji kaina ya sara. Na cusa masa bututun gorar Lantana a baki na buɗe kwalba. Ya ja, ya ja, ya ja, sannan idonsa ya buɗe.

"Nomau? Kai suka turo? Duk garin nan?"

"Ba wanda ya turo ni. Tashi ka goya."

Ya kai hannu zai ɗauka, yatsunsa suka taɓa dalmar. Ya janye kamar ya taɓa wuta.

"Ka san abin da wannan take nufi? In na fita da ita, na rasa Lantana."

"Duba ƙullin, Yaya."

Ya matso da kwalbar haske ya duba. Kowane mai nutso a Marguzu yana da irin ƙullinsa, kuma ya san na matarsa. Sai ya juya mini baya na goya masa.

Fitowar ta fi shigar wuya. Ba shi da ƙarfin kaɗa ƙafa, sai na sa ya riƙe idon sawuna, ni kuma ina jan igiya hannu bayan hannu. Lantana ta auna mijinta daidai, ya kwanta a bayana kamar itace a kan ruwa. Saura gaba goma hannunsa ya saki. Ba wurin juyawa a Maƙogwaro. Na ja da baya a hankali har ƙafata ta taɓa fuskarsa, na zungure shi, na sake zungura da ƙarfi, irin zungurar da na daɗe ina so in yi masa tun Tudun Gawasa. Sai na ji yatsu sun kama ni.

Da muka ɓullo sama rana tana tsaka. Garin Marguzu duka yana dandali, kuma duka sun ba mu baya, manya da yara. Ganga tana ta bugawa. Na tura Yaya kan katako na hau, muka kwanta muna haki, ba wanda ya miƙo hannu. Inna Marka tana tsaye kusa da mu, bayanta gare mu. Sai ta yi magana, fuskarta a wajen tafki.

"Ruwa, da matattu suna ji, da na tambaye su ko sun ga wani a hanya."

Na juya ni ma na fuskanci tafkin.

"Ruwa, ka gaya wa mai tambaya suna nan su biyu a mararraba, kusa da juna. Hanya a buɗe take ga wanda ya kwanta. Curi uku a sama, biyar a ƙugu."

Kafaɗunta suka girgiza, amma ba ta juyo ba.

A ƙarshen dandali an ɗaure wani kwale-kwale da tulun ruwa da ƙunshin busasshen kifi, guzurin da suke ba mamaci. Namu ne, mu bar gari kafin rana ta faɗi. Na tallafi Yaya muka nufe shi. Yana tafiya yana duban bayan matan da ke jere ɗaya bayan ɗaya, yana neman wanda ya sani, bai same shi ba. Na ji jikinsa ya yi sanyi a hannuna, har na fara tunanin ko na fito da shi ne don ya mutu a sarari.

Muka iso bakin kwale-kwalen. Lantana ce zaune a ciki, filafilin tuƙi a kan cinyarta, ta rataya curin dalma guda a wuya da jan zare, a fili inda kowa zai gani.

Yaya ya durƙushe a kan katako yana kuka kamar yaro. Lantana ta share nata idon da gefen zane, ta harare ni.

"Sarkin Jakai, tsayuwar me kake yi? Shigo da shi. Ka zaunar da shi a tsakiya, kada jirgin ya karkata."

Iyakar abin da na gani ke nan a Tafkin Lumanda, na kuwa faɗe shi yadda ya faru. Mu uku muka bar Marguzu ana buga mana ganga, ni ina tuƙi, ita tana riƙe da kansa, shi kuma yana numfashi.